Tambaya kan mmap: ta yaya karnel yake sanin shafin da na taɓa?

Autan Birni:
Salamu alaikum manyanmu, ya zafi ya aiki. Dan Allah ina da tambaya wadda ta hana ni sakat. Ina sitaj a wani shagon magani nan cikin gari, na rubuta ɗan furogiram da C mai riƙe lissafin ciniki, kashi biyu ne, ɗaya yana karɓar abin da mai kes ya buga, ɗayan yana nuna jimilla a allon ciki wajen mai shagon. Na haɗa su da fishiye guda, kowanne ya yi mmap da MAP_SHARED, wato ya ɗora fishiyen cikin memwar suna raba shi, wannan ya rubuta wancan ya gani nan take, lafiya lau. To jiya kuran ya tafi, ondiler ɗin kuma baturinshi ya daɗe da mutuwa, da aka kunna sai muka tarar cinikin ƙarshe babu shi, alhali na gan shi da idona a allon ciki kafin wutar ta tafi. Na farko ina abin ya shiga? Na biyu wanda ya fi damuna, ni ban taɓa kiran write ba, kawai zuba lambobi nake cikin fointa, to ta ina ma karnel, wato zuciyar Linux, yake sanin wurin da na canza har yake kai sauran zuwa diski?

Mai Faci:
wa alaikumus salam. Auta amsar farko tana shagona, kawo ondiler ɗin in sa mishi sabon baturi hhh. ta biyun kuma jira Mushe ya sauko daga masallaci

Mushe Rezo:
Wa alaikumus salam Auta. Abin da ka gani a allon ciki daga RAM ya fito, bai kai diski ba tukuna. Karnel yana yanka memwar shafi-shafi, a kwamfutocinmu na x86 kowane shafi bait 4096 ne. In ka yi mmap na fishiye da MAP_SHARED, karnel yana ɗauko shafukan fishiyen ya aje a kash ɗinshi cikin RAM, sai ya nuna wa furogiram ɗinka na farko da na biyu shafi guda ɗin nan tak. Shi ya sa ɗaya na rubutawa ɗayan ke gani, ai wuri ɗaya suke kallo. Kaiwa diski kuma wani aiki ne daban da ake yi daga baya. Shafin da aka canza ba a kai shi ba ana ce mishi mai datti, kuma yadda Linux ke zuwa, sai dattin ya kai daƙiƙa 30 ake ɗaukarshi a matsayin wanda ya tsufa, masu kwashewa kuma suna farkawa duk daƙiƙa 5. Duba vm.dirty_expire_centisecs za ka ga 3000, vm.dirty_writeback_centisecs kuma 500. Kenan duk cinikin da aka buga cikin rabin mintin ƙarshe kafin kuran ya tafi, yana iya tafiya tare da shi.

Autan Birni:
To Mushe na gane wannan, Allah ya saka. Saura ta biyun

Mushe Rezo:
Ta biyun ita ce mai daɗin. Kowane furogiram yana da teburin shafuka, inda aka rubuta cewa adireshi kaza yana shafi kaza na RAM, kuma a kowane layi akwai ƴan alamomi, ana iya karantawa, ana iya rubutawa, an taɓa, an canza. A x86 furosesa da kanshi yake kunna alamar an canza, bit na 6, da zarar ka rubuta. Matsalar ita ce shiru yake yi, ba ya faɗa wa kowa. Sai karnel ya zo ya bi teburin layi-layi sannan ya gani.

Da can haka Linux yake zaune. Ba ya sanin datti nawa ke cikin irin wannan mmap sai an kira msync mai tura abin da aka canza zuwa diski, ko an yi munmap wato an saki mmap ɗin, ko memwar ta yi ƙaranci ya fita neman shafukan da zai ƙwace. To ka ga furogiram guda yana iya cika kusan dukan RAM da datti karnel bai sani ba, ranar da yake neman wuri da gaggawa sai ya tarar duk shafin da ya ɗaga sai an rubuta shi diski kafin a sake shi, kuma rubutawar kanta tana bukatar memwar, balle in fishiyen yana can wata sarba ta NFS. Nan mashin ke ƙamewa.

A 2006 Peter Zijlstra ya kawo gyaran da ya shiga Linux 2.6.19. Dabarar: ko ka ce kana son rubutu, karnel yana ba ka shafin a kulle, karatu kaɗai. Rubutunka na farko sai furosesa ya tsaya ya kira karnel, abin da muke ce ma folt, karnel ya duba ya ga ai kana da izini, sai ya rubuta shafin cikin masu datti, ya ƙara lissafi, ya buɗe maka, ka wuce ba ka ma san an yi ba. Rubutu na biyu da na dubu a wannan shafin babu tsayawa. In lokacin kaiwa diski ya yi, kafin a fara rubutawa sai ya bi duk furogiram ɗin da ke riƙe da shafin ya sake kulle shi ya share alamar, aikin page_mkclean kenan, a sababbin karnel folio_mkclean. Ka je Kasuwar Dole wajen masu sito ka gani, mai hatsi yana ɗinke bakin kowane buhu, da yamma ba ya auna buhu ɗari, wanda ya ga an farke ɗinkinshi kawai yake aunawa ya sake ɗinkewa.

Na Kano:
Malam wannan ba shi ne Dirty COW ɗin nan ba? na tuna lokacin da aka yi ta rutin ɗin wayoyin Android da shi, aka ce matsalar shafuka masu datti ce

Ƴar Zango:
A'a yayana, suna ne kawai ya yi kama. Dirty COW na Oktoban 2016 ne, CVE-2016-5195, kuma a ɓangaren MAP_PRIVATE yake, inda in ka rubuta ake yi maka kwafin shafin naka kai kaɗai. Tsere ne aka samu a wajen yin kwafin har mutum ya iya rubuta cikin fishiyen da karatu kaɗai aka ba shi. Wanda Mushe ke bayani babu kwafi a ciki sam, shafi ɗaya ne kowa ke rubutawa, lissafin wanda aka taɓa kawai ake.

Na Kano:
to amma dai duk wasa ne da kulle shafi da buɗewa. ni abin da ban yarda da shi ba, in dai furosesa yana kunna alamar kyauta, me ya sa za a ɗora mana folt a kan kowane shafi? wannan ai ɓarnar lokaci ce, an gyara matsalar manyan sabobi an bar mu da biyan kuɗin

Mushe Rezo:
Kuɗin akwai shi, ban musa ba. Folt ɗaya a kowane shafi a kowane zagayen kwashewa, ga kuma share TLB, ɗan kash ɗin adireshi da ke cikin furosesa, duk lokacin da aka sake kullewa, in furosesa da yawa ke gudu da furogiram ɗin sai an taɓa su duka. Amma ka duba abin da aka saya da shi. Tunda karnel yana nan a daidai lokacin da shafi ke zama mai datti, yana iya riƙe mai rubutun. In datti ya kai vm.dirty_background_ratio, wato kashi 10 na memwar da ake iya amfani da ita, masu kwashewa su fara aiki a bayan fage. In ya doshi vm.dirty_ratio, kashi 20, sai a fara sa mai rubutun barci kaɗan-kaɗan cikin balance_dirty_pages har diski ya kamo. Mai kiran write dama ana yi mishi haka tun da, mai mmap ne ke tsallake shingen. Alamar da furosesa ke kunnawa a ɓoye ba za ta taɓa ba ka damar tsayar da kowa ba, sai bayan an gama ɓarna kake gani.

Kuma ba manyan sarba kaɗai ba. Tsohuwar kwamfuta mai RAM kaɗan da kile mai jan ƙafa, irin waɗanda suka cika sibar-sibar ɗinmu, ita ta fi kowa bukatar wannan.

Baba Injiniya:
Ku bar ni in sa baki tunda kun tabo zamaninmu. 2.6.19 ya fito ƙarshen Nuwamba 2006, kafin shekara ta ƙare sai masu amfani da rtorrent, furogiram ɗin sauke fishiye, a kan tsarin fishiye na ext3 suka fara kuka, sun sauke fishiye ya cika, an duba hash, wato lambar tantancewa, ya ƙi daidai, wasu wurare a ciki sifili ne zalla. rtorrent da mmap yake rubutu. An yi ta zargin sabon gyaran, an yi ta zargin ext3, har Linus Torvalds da kanshi ya zauna ya rubuta ɗan furogiram na gwaji mai tada matsalar, aka kama ta ƙarshen Disamba, gyaran yana cikin 2.6.20 na Fabrairun 2007. Abin da aka gano, alamar datti ba wuri ɗaya take zaune ba, akwai ta teburin shafuka, akwai ta shafin kanshi, ext3 kuma yana da tashi a kan ƙananan bafa da ke ƙarƙashin shafin. In aka share ɗaya a lokacin da bai dace ba sai rubutu ya faɗa tsakani, kowa yana zaton ɗan'uwanshi ya riƙe. Ramin tsoho ne, sabon tsarin ne ya sa ake yawan bi ta kanshi tunda yanzu ana sharewa da kullewa kullum. Shi ya sa ni har gobe in na ga yaro yana rubuta lissafin kuɗin mutane ta mmap gabana faɗuwa yake.

Ƴar Zango:
Baba ka faɗi abin da ke bakina. Auta ƙanena, ni shawarata ka bar mmap ɗin nan ga rubutun ciniki gaba ɗaya. Ba wai karnel na yau yana da wancan ciwon ba, an daɗe da warkewa. Matsalar ita ce ba kai ke zaɓar lokacin da shafi zai tafi diski ba, kuma ba kai ke zaɓar wanda zai riga wani ba. Ka ce kana rubuta ciniki ɗaya, sunan magani da kuɗi a shafi na 7, jimilla a shafi na farko. Karnel yana iya kwashe shafi na farko yanzu, na 7 sai anjima, kuran ya tafi a tsakani, ka tashi da jimilla mai cewa an sayar da na jika biyar babu layin da ya nuna me aka sayar. Wannan ya fi ɓacewar cinikin muni wlh, don ɓacewa ana gani, wannan kuwa sai ƙarshen wata mai shago ya fara kallon mai kes da wani ido.

Ka ɗauki SQLite kawai, ɗan rumbun bayanai ne a cikin fishiye. Shi ko ka kunna mishi mmap, karatu yake yi da shi, rubutu ta write yake bi da fsync da jurnal ɗinshi. LMDB ma, wani rumbun bayanai da aka gina kacokan a kan mmap, yadda yake zuwa taswirar karatu ce kaɗai, sai ka ce MDB_WRITEMAP da bakinka. Waɗanda suka rubuta waɗannan ba tsoron fointa suke ba.

Mushe Rezo:
Hajiya na yarda da rabi. In aikin shago ne SQLite, babu gardama. Amma yaron ɗalibi ne, kar mu koya mishi gudun abu kafin ya san shi. Akwai msync. Ya rubuta layin ciniki, ya kira msync da MS_SYNC a kan wannan yankin, ya jira ta dawo, sannan ya gyara jimilla ya sake msync, sannan ya nuna wa mai kes cewa an karɓa. Adireshin da zai ba msync dole ya faɗa a farkon shafi, in ba haka ba EINVAL zai samu. Kuma kar ya ruɗu da MS_ASYNC, tun 2.6.19 ba ta yin komai a Linux, don aikin da take yi da, wato ta sa karnel ya je ya gano dattin, yanzu ya riga ya sani.

Ƴar Zango:
msync tana hana jinkiri Mushe, ba ta hana gaggawa. Tana tabbatar maka abu ya isa, amma ba ta hana karnel kwashe shafin tun kana tsakiyar rubuta layin. Sai ya ƙara lambar tantancewa a ƙarshen kowane layi, sai ya rubuta abin da zai duba fishiyen in an kunna, sai ya yi tunanin layin da ya raba ƙafa tsakanin shafi biyu, kafin ya farga ya sake rubuta rabin SQLite da hannu ba tare da gwajin da su suka yi ba

Mushe Rezo:
To ai nan ne karatun yake hhh. Amma dakwar, kuɗin mutane ba wurin koyo ba ne.

Mai Faci:
ni dai duk wannan faransancin naku baturi ɗaya ya kashe shi

Ƴar Zango:
Baturi ba ya hana yaron shago taka waya Malam

Autan Birni:
Na gwada abin da Mushe ya ce don in gani da idona. Na yi fishiye na mega 100 da fallocate, na yi mmap, na buɗe wani taminal ina kallon layin Dirty a /proc/meminfo. Sai na bi ina rubuta bait ɗaya tak a kowane 4096. Bait 25600 kenan gaba ɗaya, ko kilo 30 bai kai ba, amma Dirty ya haura da wajen 102400 kB, wato dukan fishiyen. Na sake zagaye na biyu nan take, adadin folt da getrusage ke ba ni bai motsa ba. Na buga sync, Dirty ya zube, na yi zagaye na uku sai ga folt ɗin sun dawo dubu ashirin da biyar da ɗoriya. Wallahi kamar ina kallon hannun karnel yana kullewa

Mushe Rezo:
Madalla Auta, haka ake karatu. Ka lura da darasin da ke cikin zagayen farko, bait ɗaya yana ɓata shafi sukutum. In lambobin da kake yawan canzawa suna warwatse cikin fishiye, kana sa diski aikin da ya ninka naka sau dubbai, a kan kile ko katin memwar kuwa wannan cin rai ne. Tara su wuri ɗaya.

Kuma ka yi kyau da ka sa fallocate. Da ftruncate ka yi, fishiyen rami ne babu wuri a diski, sai lokacin folt ɗin farko tsarin fishiye ke neman wuri ta page_mkwrite. In diski ya cika a lokacin, babu lambar kuskure da za a miƙo maka tunda ba kira ka yi ba, SIGBUS za a jefo maka furogiram ya faɗi a tsakiyar layi.

Na Kano:
Malam to ni na duba smaps, lissafin memwar da ke cikin /proc, na wani furogiram nawa mai MAP_SHARED, na rubuta a ciki amma Shared_Dirty sifili, duk yana Private_Dirty. ko nawa karnel ɗin ne daban

Mushe Rezo:
Ba daban ba ne. A smaps ana kallon mutum nawa ke riƙe da shafin a yanzu, ba tutar da ka ba mmap ba. In kai kaɗai ka taɓa shi zai faɗa Private_Dirty ko da MAP_SHARED ne. Kunna na biyu ya karanta shafukan ka sake dubawa.

Ɗan Mirya:
Salam jama'a, na makara, rezo ne yau sai a hankali. Ni nawa ya ɗan bambanta. Ina da Raspberry Pi a wani lambu nan Mirya yana karanta famfon sola, furogiram biyu suna raba memwar ta /dev/shm, na uku kuma yana tura abin da ya canza zuwa waya in rezo ya samu, kuma kun san kuɗin forfe, ba na son tura abin da bai canza ba. Da na karanta bayanin Mushe sai na ce to ai karnel ya riga ya san shafukan da aka taɓa, in tambaye shi kawai. Amma ina rubutu Dirty ba ya motsi ko kaɗan

Mushe Rezo:
Ba zai motsa ba. /dev/shm tmpfs ne, babu diski a bayanshi da za a kai wa, in memwar ta matse suwaf ake tura shi, wato wurin da ake sauke rarar memwar. Saboda haka karnel ba ya wahalar da kanshi da kullewa da buɗewa a nan, akwai wani ɗan aiki vma_wants_writenotify da ke yanke wannan hukuncin tun lokacin mmap. Lissafinshi a layin Shmem yake. Kuma ko da fishiyen diski ne, dattin da karnel ke bi nashi ne, ma'anarshi ban kai diski ba tukuna, yana sharewa lokacin da ya ga dama. Kai kuma tambayarka ita ce me ya canza tun turawata ta ƙarshe. Tambaya biyu ce daban.

Baba Injiniya:
Kuma kar ka ce za ka dogara da lokacin fishiye ko inotify mai sanar da kai in an canza fishiye. inotify ba ya ganin rubutun mmap, takardarshi ma ta faɗa. Lokacin canji kuma a wajen folt ake sabunta shi, rubutun da ya biyo baya a shafin da ke buɗe ba ya taɓa shi. Masu bakaf da rsync su kiyaye wannan, yana duba girma da lokaci, yana iya tsallake fishiyen da cikinshi ya canza.

Pi ɗinka wane ne? Na 4 Cortex-A72 ne, ARMv8.0, furosesan ba ya kunna alamar datti da kanshi ma, karnel ke kwaikwayonta da folt ga kowane irin shafi. Daga ARMv8.1 aka ƙara wannan, na 5 mai A76 yana da shi. Kuma na 5 karnel ɗin da yake zuwa da shi shafinshi kilo 16 ne, in ka rubuta 4096 da hannu cikin kod za ka sha mamaki, tambayi sysconf.

Ɗan Mirya:
na 4 ne Baba. to babu wata hanya kenan da zan tambayi karnel me aka taɓa tun ɗazu?

Ƴar Zango:
Akwai, an yi su don masu ɗaukar furogiram ko mashin na bogi daga sarba zuwa sarba yana gudu. Na farko soft-dirty, ya shigo 3.11 a 2013, mutanen CRIU suka kawo. Ka rubuta 4 cikin /proc/PID/clear_refs, karnel ya kulle duk shafukan furogiram ɗin ya share alamar, daga baya ka karanta /proc/PID/pagemap, kowane shafi bait 8, bit na 55 shi ke cewa an rubuta. Dabarar dai ita ce ta ɗazu, kulle ka jira folt. KVM ma, mai gudanar da mashin na bogi a Linux, haka yake wa mashin ɗin lokacin ƙaura da KVM_GET_DIRTY_LOG, sai dai a can Intel ta ƙara PML, furosesa yana rubuta jerin shafukan da kanshi.

Amma ga inda zai cije ka. Alamar a teburin shafukan kowane furogiram take zaune. In na farko ya rubuta, a teburinshi za ta fito, teburin na biyu bai san an yi ba ko da shafi ɗaya suke riƙe. Sai ka bi duk masu rubutu ɗaya-ɗaya ka haɗa. Ga shi sharewar ta furogiram ce gaba ɗaya ba yankin da kake so kaɗai ba, ga kuma tazara tsakanin karantawa da sharewa, rubutun da ya faɗa nan ya ɓace maka. Kuma sai an gina karnel ɗin da CONFIG_MEM_SOFT_DIRTY, ka duba naka kafin ka ɓata dare.

Mushe Rezo:
Tazarar nan ce ta sa aka kawo PAGEMAP_SCAN a 6.7, farkon 2024, kira ɗaya ya ba ka jerin shafukan da aka rubuta ya sake kulle su a tare. Asalin bukatar daga masu gudanar da wasannin Windows a Linux ta fito, suna son kwaikwayon GetWriteWatch, kiran da ke irin wannan aikin a Windows. A kan kullewar userfaultfd yake tafiya, wato hanyar da furogiram ke karɓar folt da kanshi, ita kuma ta fara a 5.7 ga memwar da ba ta da fishiye, sai 5.19 ta kai ga shmem. Buga uname -r ka ga inda kake. Amma gaskiya Ɗan Mirya, don famfo ɗaya a lambu wannan ɗaukar gatari ne a yanka albasa.

Mai Faci:
albasar Mirya kuwa ba ta bukatar gatari, a aiko mana buhu ɗaya dai in an cire

Ɗan Mirya:
hhh sai ka zo da kanka Malam. To tunda ni na rubuta furogiram ɗin duka ukun, me zai hana in ware ɗan wuri a farkon memwar, bit ɗaya ga kowane yanki, mai rubutu ya kunna, mai turawa ya duba ya kashe. yankin ma sai in yi shi ƙarami, bait 256, ba sai shafi guda ba, forfe ya huta

Ƴar Zango:
Wannan shi ne daidai, kuma ya fi na karnel dacewa da kai tunda kai ka san girman abin da kake canzawa. Jeri kawai za ka kiyaye. Mai rubutu ya gama rubuta bayanin tukuna sannan ya kunna bit. Mai turawa kuma ya kashe bit tukuna sannan ya kwafi yankin, kar ya kwafa sannan ya kashe. In an sake rubutu yana tsakiyar kwafa, bit ɗin zai sake kunnuwa ya tura yankin a zagaye na gaba, asararka turawa biyu ce kawai. In ka juya jerin, rubutu zai shiga bayan kwafi kafin kashewa, kuma ba za ka sake jin labarinshi ba. Karnel ma shi ya sa yake kulle shafi ya share alama kafin ya fara kai shi diski. Ka yi amfani da atomic_fetch_or wajen kunnawa da atomic_exchange wajen kashewa daga stdatomic.h, kar ka yi da |= kawai, A72 yana iya sake jerin rubutu a memwar fiye da yadda x86 ke yi, abin da ya yi aiki a kwamfutarka ta gida yana iya ƙi a lambu.

Ɗan Mirya:
to in rezo ya yanke bayan na kashe bit kafin saƙon ya isa fa Hajiya?

Ƴar Zango:
Ka riƙe abin da atomic_exchange ta dawo maka a hannu har wayar ta amsa cewa ta karɓa. In ba ta amsa ba ka mayar da bit ɗin da atomic_fetch_or, su haɗu da sababbin da aka kunna a tsakani.